Azumin da Muka Tsare Rumbun Malam

Azumin bana shi ne na farko da nake yi babu Malam, mijina. Azumin ya zo mana cikin zafin nan na Ankara mai sa kwanon rufi ya yi ta ƙara shi kaɗai da rana tsaka. Shekaranjiya, ana dab da shan ruwa, aka ɗauke wuta. Fanka ta yi ɗan juyi ta tsaya, jikokina suka hau ƙorafi a kan wayoyinsu. Ni kuwa ban san lokacin da na miƙe ba. Sai ganina na yi a tsakar gida da ludayi a hannu, ina neman farantin da zan buga. Da na tuna babu wanda zan buga wa, na zauna a bakin famfo na yi kuka har kokona ya huce. Shi ya sa na ce wa 'yata Rabi ta samo takarda. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, amma bakina da sauransa. Ina so a rubuta yadda muka yi wani azumi, shekarar da ruwan madatsar Akosombo mai ba mu wuta ya ja baya aka riƙa yi mana rabon wuta unguwa unguwa.

Malam mai kati ne a wani ƙaramin asibiti tsakanin unguwannin Nima da Mamobi, kusa da babbar kwata. Duk marar lafiyan da ya zo, shi zai tambayi sunansa, ya shiga ɗakin ajiya ya zaro katinsa. Har Malam Kati ake ce masa. Wata damina ruwa ya shiga ɗakin ajiyar, katunan da ke ƙasa suka koma kamar kunu. Ya shanya su a rana, wasu suka karantu, wasu suka tafi ke nan. Daga ranar ya ɗaura niyya. Mutum ya haura hamsin, ga furfura a gemu, ya riƙa zuwa unguwar Kanda da yamma yana koyon kwamfuta cikin sa'annin 'ya'yansa. Dokta, mai asibitin, ya sayo tsofaffin kwamfutoci. Malam ya zauna wata da watanni yana shigar da katunan nan ɗaya bayan ɗaya da yatsu biyu, harshensa a ɗan waje kamar yaro yana rubutun allo. Da ya gama, sauran katunan da suka yi fumfuna aka ƙone su.

Ni ban gane abin ba sai da ya yi mini bayani da hatsi. Ya ce, "Hajara, rumbu ɗaya ne, yana cikin wannan da ke gabana. Ita ce uwa. Na sauran ɗakuna 'ya'yanta ne. Babu komai a cikinsu, hannu kawai suke miƙowa ta waya, su ɗiba ko su zuba."

Wayoyin kam na gan su, shuɗɗa, sun bi bango sun ratsa tagogi. Teburin kati, ɗakin Dokta, ɗakin jini, ɗakin awon ciki, ɗakin magani, duk rumbu ɗaya suke ci. Dokta ya rubuta magani, kafin marar lafiya ya tako zuwa taga an riga an gani.

Na ce, "To ina wahalar?"

Ya ce, "In wuta ta ɗauke hannun wani yana ciki, rumbun na iya fashewa. Sai kowa ya janye hannunsa, sannan in kashe uwa. Ko kwafin da nake ɗauka in ajiye, ba ya yiwuwa sai kowa ya fita."

Ni a ƙofar asibitin nake suya. Da safe koko da ƙosai, in azumi ya zo sai in koma la'asar. A shekarar nan komai ya yi wuya. In babu wuta babu injin niƙa, sai ki jiƙa wake ki kai ki tarar da layin bokitai har bakin titi, injin kuma shiru. Sau nawa wakena ya yi tsami na zubar, sau nawa na koma turmi da hannuna, da azumi a bakina, har kafaɗa ta riƙa zafi kamar an ɗora garwashi. Famfo ma ya bi sahun wuta. Kafin sahur Rabi da ƙannenta suke ɗaukar jarkoki su bi lungu lungu suna tambayar inda ruwa ya zo. Ƙanƙara kuwa ta zama abin labari. Mu da muka saba shan ruwa da sanyi, muka koma randa, muna naɗa mata jiƙaƙƙen buhu. Gawayi ya yi tsada don kowa ya koma kansa. Da rana zafi mai ɗanko, zufa ba ta bushewa, warin kwata ya taso ya zauna a maƙogwaro. Hadari ya haɗu ya yi baƙi, ya watse bai zubar ba. Yanzu yaran nan in wuta ta yi ɗan jinkiri sai ka ce an yi musu mutuwa. Ba na ganin laifinsu, ba su ga wancan ba.

Rabon wutar kuma, wata rana da safe za a ɗauke, wata rana da faɗuwar rana. A garin nan rana ba ta sauya lokacin faɗuwarta sosai, saboda haka ranar da rabonmu ya faɗo yamma, ɗaukewar wuta da kiran magariba kusan tare suke zuwa.

Malam ya je kasuwar Agbogbloshie wurin direbobin manyan motocin albasa, ya sayo tsofaffin batura, wani mai gyaran rediyo ya haɗa masa su a ƙarƙashin tebur. In wuta ta tafi, su ke riƙe kwamfutocin duka na ɗan lokaci, gwargwadon mutum ya yi alwala ya yi nafila. Akwai wani ƙaramin akwati a jikinsu da ke kuka, ƙit, ƙit, ƙit, in ƙarfinsu ya kusa ƙarewa kukan ya riƙa sauri. Amma mutum mutum ne. Fanka ta tsaya, kowa ya san an ɗauke, sai ya dubi kwamfutarsa ya ga tana nan da haskenta, ya ce bari in ƙarasa wannan ɗaya.

A farkon azumin rumbun ya fashe. Da safe Malam ya kunna uwa ta ƙi buɗewa. Marasa lafiya suka cika benci, suka cika baranda, layi ya fita har gaban kaskona. Babu kati, babu kwamfuta. Kwafin da ke hannun Malam ya kwana biyu, aikin da aka yi bayansa duk ya tafi. Wata mai ciki da aka ɗebi jininta sai da aka sake hudawa, tana kuka tana cewa jinin nata nawa ne. Wani tsoho mai hawan jini ya kasa faɗin sunan maganinsa, yana ta cewa ƙaramin fari ne, alhali rabin maganin duniya ƙaramin fari ne.

Dokta ba mai faɗa ba ne, shi ya sa maganarsa ta fi zafi. A baranda ya tsayar da Malam, ina jin su ta taga.

Ya ce, "Malam, ka san ina ganin girmanka. Amma rayukan mutane ne. In abin nan ya sake faruwa kafin Sallah, zan kira yaran kamfanin kwamfuta su kwashe kayan nan su sa nasu. Kai kuma ka je ka huta."

Malam ya ce, "Na ji, Dokta."

Ranar bai iya cin komai ba bayan shan ruwa. Ya zauna a bakin gado yana murza hularsa. Ba albashin kaɗai ba ne, ko da yake shi muke ci. Mutumin nan ya zuba idonsa da bayansa a cikin abin nan. Ya ce mini, "Ba zan iya barin gaban uwa ba, sai ina kallon sunayen ɗakuna suna fita ɗaya ɗaya. Ba ni da ƙafar da zan aika."

Na ce, "Nawa ƙafafun na mene ne?"

Dakata, Rabi. Bari in share idona. To, rubuta.

Tun daga ranar na zama ƙafarsa da muryarsa. Injin niƙa yana bayan katangar asibiti. Da na ji ya yi shiru tsakiyar aiki, sai in janye itace daga ƙarƙashin kasko, in ɗauki faranti da ludayi in shiga ina bugawa. "Ku fita! Ku fita daga rumbu!" Marasa lafiya da farko suka zaci gobara ce. Daga baya su da kansu suke taya ni, har da masu ƙarin ruwa a hannu. Anti Akwele, nas ɗin da ke awon ciki, ba ta azumi amma ta fi kowa saurin bin doka. Da ta ji faranti sai ta ɗaga hannu biyu sama ta ce, "Ei, Mma Hajara, na fita oo, kar ki fasa mini kunne!" Dokta kansa sai da na taɓa tsayawa a kansa ina bugawa, yana rubutu yana dariya. Malam daga ɗakinsa yana ɗaga murya: "Jini ya fita! Awo ya fita! Saura magani!"

Kullum saura magani. Mai ba da maganin Alhaji Tanko ne, kuma shi ne ladanin masallacin lungunmu. Da azumi, dab da magariba tagarsa ta fi cika, don kowa yana so ya karɓi maganin da zai sha bayan buɗa baki. Yana sallamar mutane yana kallon rana. Da lokaci ya yi zai ja ƙofa ya datse kwaɗo, don ɗakin magani ba a barinsa a buɗe, ya ruga masallaci. Shi Babarbare ne, ni kuma kakannina Fulani, saboda haka akwai wasa tsakaninmu tun ina amarya.

In na tsaya a tagarsa sai ya ce, "Ga baiwata ta zo. Ke Bafillatana, akwatin mijinki ya fi salla ne?"

In ce, "Bai fi ba, Alhaji. Amma Allah bai ce ka bar hannunka a rumbun mutane ka tafi kiran salla ba. Danna ka fita."

"Da can shanu kuke kora, yanzu dattawa."

"Shanun sun fi jin magana."

Ya yi tsaki, ya danna, ya fita. Haka muka yi ta yi. Azumi ya raba tsakiya, ya shiga goman ƙarshe, rumbu lafiya. Malam ya fara cin abinci. Ƙafafuna kuwa da yamma sai na jiƙa su a ruwan ɗumi.

Ranar da abin ya faru ba ranar ɗaukewarmu ba ce. Tun azahar hadari ya taso daga gabas, iska ta riƙa kwasar ledoji tana kai su sama. Dab da magariba ruwa ya sauko gaba ɗaya, irin wanda ba a jin maganar na kusa. Na rungumi kaskona da mai mai zafi na ja shi ƙarƙashin baranda, ina kare garwashi da zanena. Hankalina yana can. Sai aka yi wata tsawa, fitilun baranda suka mutu, daga ɗakin Malam na ji akwatin nan ya fara kuka.

Na bar kaskon na ɗauki faranti. Jini ya fita. Awo ya fita. Dokta ya fita. Na isa tagar magani, sai ga kwaɗo a ƙofa. Na leƙa ta tsakanin ƙarafunan taga, kwamfutar tana can ƙurya da haskenta, rubutu rabi a fuskarta. Alhaji ya ga ba ranarmu ba ce, ya bar ta da niyyar dawowa bayan salla.

Na ruga wurin Malam. Na ce, "Alhaji ya datse ƙofa ya tafi bai fita ba! Cire wayarsa mana!"

Ya ce, "In na cire, na datse masa hannu a ciki ke nan. Duk ɗaya ne da fashewar." Fuskarsa ta yi fari fat, leɓensa a bushe. Ya dubi ƙofa, ya dubi uwa. Kukan akwatin ya fara sauri.

Anti Akwele ta ce, "Mu fasa ƙofar!"

Dokta ya ce, "Ƙofar ƙarfe ce. Makulli ɗaya ne kuma, yana jikin Alhaji."

Ban tsaya jin sauran ba. Na tuɓe silifas na faɗa cikin ruwan. Lungun ya zama rafi, ruwa har ƙwauri, yana tafe da bawon lemo da robobi. Ga yunwa, ga ƙishi, ruwa yana dukan fuskata ina datse baki don ban ji kira ba tukuna. Ina hawa katakon da aka gitta a kan ƙaramar kwata sai na ji muryar Alhaji ta tashi.

Da yake babu wuta babu lasifika, ya hau benci a bakin masallaci, ƙarƙashin rumfa, yatsu a kunne, ido a rufe. Maza sun jeru a tabarma, kowa da dabino ko kofin ruwa a hannu. Na tsaya a gabansa ina ɗiga. Na san ba a yi wa ladan magana yana kira. Na san mace ba ta ratsa sahun maza. Na kuma san in na jira ya gama, ya yi addu'a, ya sauko, ya ji bayani, ya yi mini tsiyarsa, batur ya mutu. Igiyar makullin tana leƙowa daga aljihun rigarsa na gefe, baƙa, ta sha hannu. Na ce Allah ka gani. Na miƙa hannu na fizgo ta.

Muryarsa ta yi rawa, amma bai yanke kiran ba. Allah ya saka masa da wannan. Na ji wani ya ce, "Subhanallahi!" Wani ya ce, "Matar wa ce wannan?" Ban waiwaya ba. Na rataya igiyar a wuya na juya da gudu. A kan katakon nan santsi ya ɗauke ni, gwiwata ta daki bakin siminti, na ji zafin har cikin haƙori. Na miƙe da hannu da ƙafa. Har yau in hadari ya haɗu gwiwar nan tana gaya mini kafin kowa.

Anti Akwele tana bakin ƙofa ta miƙo hannu, na ba ta makullin. Ta buɗe, ta faɗa ciki, ta danna abin da ake dannawa. Ni na zube a baranda, ina jin kukan akwatin ya haɗe ya zama ɗaya. Sai muryar Malam: "Magani ya fita!" Can kukan ya yanke. Ban sani ba, Malam ne ya riga ko batur. 

Ya fito yana dafa bango. Ya ce, "Na kashe ta da hannuna." Sai ya zauna a ƙasa kusa da ni, cikin jiƙa, da farar rigarsa. Sai a lokacin muka tuna ba mu sha ruwa ba. Akwai baho da aka tara a bakin indararo. Ya ɗebo da tafin hannunsa ya ba ni, ya sha saura. Ruwan yana warin kwano, amma ban taɓa shan mai daɗinsa ba.

Washegari uwa ta buɗe lafiya lau. Magana kuwa ta riga ta zaga unguwa, wai matar Malam Kati ta sa hannu a aljihun ladan yana tsakiyar kira. Mata a wurin niƙa suka riƙa yin shiru in na iso. Wasu dattawa suka ce sai an kira Malam an ja masa kunne. Alhaji Tanko ne ya kashe maganar bayan la'asar. An gaya mini cewa ya yi, "Ku bar ta. Bafillatana ce, ɗaukar abin Babarbare halal ne a wurinsu. Ni na bar ƙofa a datse da aikin mutane a ciki." Da yamma ya zo wucewa, bai dube ni ba, ya jefa makullin cikin tirena. Ya ce, "Riƙe, ɓarauniya, kar gobe ki yaga mini riga." Haka ya riƙa yi har aka ga wata.

Sallah ta zo, yaran kamfani ba su zo ba. Dokta bai sake tayar da maganar ba, sai dai ya sa kafinta ya matso da teburin Alhaji jikin taga, yadda hannu zai iya kaiwa daga waje. Malam ya riƙe rumbun nan har idonsa ya gaza, ya miƙa shi ga wata yarinya da ya koyar, babu sunan da ya ɓata. Alhaji ya riga shi tafiya. Allah ya jiƙansu duka, ya haskaka musu makwanci.

Amma abin da ya fi dawo mini shi ne komawarmu gida a wannan magaribar. Ruwa ya tsagaita, gari ya yi duhu, masu shago sun kunna kyandir a bakin titi, motocin haya na trotro suna watsa ruwa. Gwiwata ta kumbura, ba na iya ɗaukar komai. Malam, mutumin da ko ledar cefane ba ya riƙewa a titi, ya naɗa gammo da rawaninsa, ya ɗora kaskon suyata a ka, baƙin mai yana ɗiga masa a kafaɗa. Ya ba ni ɗaya hannun na dafa. Muka bi babban titin Nima a haka, a gaban kowa.

Wani tela abokinsa ya leƙo daga shago ya ce, "Malam Kati! An canja sana'a ne?"

Malam bai tsaya ba. Ya ce, "Yau ita ta riƙe ofis. Ni ɗan kayanta ne."